Gidan Garuba Mai Ƙofa Biyu

A shekarar da Nasara suka tasa aikin hanyar arewa a gaba, wadda ta tashi daga Kumasi ta nufi Gwanja, sai suka ga Zongo ta fi ƙarfin idonsu. Baƙi kullum shigowa suke yi, Hausawa da Zabarmawa da Mosawa da Wangarawa, kowa ya sami ɗan fili ya kafa ɗaki, har ya zama in ana neman mutum ba a san wanda za a tambaya ba. Sai Baturen gari ya tara dattawa ya ce a yanka Zongo unguwa-unguwa, kowace da mai unguwarta. Mai unguwa shi zai sa a yi shara, shi zai raba faɗan maƙwabta, in kuma an buƙaci masu aikin hanya shi zai bi gida-gida ya fitar da namiji ɗaya daga duk gidan da juyi ya zo kansa.

Yankan ya zo da wuya, don gidajen Zongo ba a jere aka gina su ba. Wani gidan gabansa na wannan lungu, bayansa na wancan. Dattawa suka sha gardama, daga ƙarshe suka tsaya a kan magana ɗaya: inda ƙofar zauren gida take kallo, nan ce unguwarsa, ko da sauran gidan ya miƙe har Bantama, can wani gefen Kumasi.

Gidan Garuba dillalin goro yana cikin irin waɗannan gidaje. Zaurensa na kallon lungun masallaci, wanda ya faɗa hannun Mai unguwa Idirisu, wani Bakano mai son girma da babban rawani. Katangarsa ta baya kuwa tana bakin lungun mahauta, unguwar Seini ke nan, Bazabarme mai fataucin shanu, wanda aka naɗa bai ko sake riga ba.

Garuba Bagobiri ne, mutum mai yawan tunani, irin wanda in hadari ya haɗo can Bantama shi a Zongo ya fara kwashe shanya. 'Ya'yansa duk mata ne in ban da Mutala, wanda shi ne kuma ɗan fari. Saurayi ne ƙaƙƙarfa, shi ke ɗauko wa uban huhun goro daga wajen Tonawa, mutanen ƙasar. Da yake ɗan fari ne, Garuba bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa yabonsa ba, in da baƙo ma ba ya kallon inda yake. Yaron nan yake ce masa, ko wancan. Haka ubansa ya yi masa, haka ya tarar ana yi. Amma da Mutala zai yi tari sau ɗaya da safe, ranar Garuba ba zai ci tuwon kirki ba, sai ya ce wa matarsa Barkisu miyar ce gishiri ya yi mata yawa.

To, Garuba ya ga waɗanda suka fara dawowa daga aikin hanya. Ya ga mai gyambo, ya ga mai tarin da ba ya jin magani, ya kuma je gaisuwa gidan da aka kawo musu riga da hula kawai. Masu hali suna tura bara a madadin ɗa, shi ba shi da bara. Wasu iyayen suna zuwa gaban mai unguwa su durƙusa su yi ta roƙo, wani lokaci a ɗaga musu ƙafa. Shi wannan ƙofar a rufe take gare shi. Yaya za a yi Bagobiri mai gemu ya buɗe baki a bainar jama'a ya roƙa wa ɗan fari? Kafin la'asar labari ya kai kasuwar goro, a riƙa nuna shi da baki. Sai ya zauna da abin a ciki yana ta ramewa, juyi kuma yana ta matsowa gida bayan gida a lungun masallaci.

Ana nan sai aka yi wani ruwa irin na Kumasi, wanda ke sauka kamar an kife tulu. Da gari ya waye aka tarar katangar baya ta zube gefe guda, ana hango lungun mahauta daga tsakar gida. Barkisu ta kama salati. Garuba ya tsaya yana kallon ɓarakar ya daɗe, har ta tambaye shi ko lafiya, don rabonta da ganin fara'a a fuskarsa an kwana biyu.

Ya aika aka kira Iddi magini. Iddi ya zo ya kwaɓa ƙasa, ya fara ɗora curi, sai Garuba ya matso kusa da shi.

"Nan wurin kada ka toshe shi duka. Ka bar kamar faɗin mutum da kayansa."

"Na mene ne?"

"Iska."

Iddi ya leƙa lungun, ya dubi kwatar da mahauta ke wanke tumbi a cikinta, ya dawo da kansa. "Malam Garuba, wannan iskar kake so ta riƙa shigo maka gida?"

Garuba ya ce likitan Nasara ya ce iska na da amfani. Ya ƙara da cewa in da hali a ɗan tayar da bango biyu daga ciki, a aza rufi, a yi ɗan dakali, saboda awaki. Iddi bai sake tambaya ba. Ya ce shi dai ƙasa aka kira shi ya kwaɓa, abin da ƙasar ta zama bayan ya tafi ba ruwansa. Kafin mako ya zagayo, gidan Garuba ya sami ɗan zaure na biyu yana kallon unguwar Seini.

Ƙyaure ɗaya ne a gidan, na katakon odum, wani ƙaƙƙarfan itacen kurmi, wanda Garuba ya saya wajen wani masassaƙi Batone tun zuwansa Kumasi. Nauyinsa sai wanda ya ɗauka. Shi ne ya zama alamar ƙofar gaskiya. Masu unguwa sun ari al'adar Tonawa ta buga ƙuge a yi shela kafin a fito neman mutane, saboda haka Garuba ba ya rasa sanin wanda ke tafe. In ƙuge ya yi ƙara a lungun masallaci, sai ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, a gaya wa yaron nan ya kai ƙyaure baya. Mutala ya ciro shi ya aza a ka ya ratsa tsakar gida. A toshe zauren gaba da tsohon zana, a jibge itace, a ɗaure akuya. Garuba ya kwashi buzu da buta ya koma zauren baya ya zauna kamar a nan aka haife shi.

Haka Sumana, ɗan aiken Idirisu, ya zo ya tarar da akuya tana cin zana. Ya zagaya ta bakin kwata, tafiya mai nisa, ya sami Garuba a lungun mahauta yana jan carbi. Garuba ya yi masa bayani da murya mai ban tausayi, cewa tun da ruwa ya rushe masa katanga ya ga ishara ce, ya mayar da ƙofarsa nan, yanzu shi mutumin Seini ne, ba don yana so ba. Sumana ya koma ya faɗa. Idirisu ya ja tsaki ya ce Allah ya raka taki gona, gida ɗaya ya ragu cikin masu kawo masa ƙarar kaji.

Seini ba shi da ɗan aike, da ƙafarsa yake yawo. Ranar da ƙugensa ya yi ƙara, ƙyaure ya koma gaba, akuya ta dawo baya. Ya zo ya tsaya a bakin zana ya yi sallama, Garuba ya leƙo ta sama. Tsakanin Gobirawa da Zabarmawa akwai wasa tun na kakanni, ba sa haɗuwa a rabu ba a taɓa juna ba.

"Bagobiri, an ce ka yi ƙofa a lunguna, ba ka zo ka gai da ubangidanka ba."

"Wace ƙofa? Ɓarakar ruwan sama ce. Ku da kuka girma a bukka, ko ramin gafiya kuka gani sai ku yi sallama."

"Ɓaraka har da dakali?"

"Ruwan ne ya tara ƙasar."

"Ruwan Kumasi gwanin gini ne," in ji Seini. "Har da rufi ya aza."

Garuba ya ce shi dai ƙofarsa na lungun masallaci tun kafin a san za a naɗa masu kiwon shanu sarauta, in Seini na shakka ya zagaya ya ga ƙyaure da idonsa. Seini ya ce ƙafarsa ta fi ƙarfin zagaye saboda Bagobiri. Ya miƙa hannu ta saman zana aka sa masa goro, ya fasa, ya tafi yana dariya.

Juyi ya zo ya wuce a unguwar Idirisu, ya zo ya wuce a ta Seini, Mutala na gida. Garuba ya fara cin tuwo har da neman ƙari. Mutala ne kawai bai ga ribar abin ba. Ya ce wa uwarsa, da ƙarfi yadda za a ji a zaure, da aikin hanyar aka kai shi da ya huta, don can an ce kwandon ƙasa ake ɗauka, ba a ɗaukar odum. Garuba ya ji, ya yi kamar da akuya ake.

Abin da bai lissafa ba shi ne mata. Daga lungun masallaci zuwa rijiyar da ke bayan mahauta sai an zagaya kwata, a tsallake wani katako mai santsi. Habsatu maƙwabciyarsu, wadda ba abin da ke wuce ta a lungun, ta shigo wata safiya da tulu ta ce wa Barkisu ƙafarta ke ciwo, a bar ta ta fita ta baya, yau kaɗai. Washegari ta zo da ƙanwarta. Kafin a ankara matan lungu biyu sun mai da tsakar gidan Garuba hanya, masu zuwa rijiya da masu zuwa sayen nama, ana gaisawa ana tsayawa hira a gindin turmi.

Garuba ya fito ya ce wannan ba mutunci ba ne, gidan aure ba kasuwa ba ne, daga yau ya hana. Habsatu ta durƙusa har ƙasa ta ce gaskiyarsa ne, ta tuba. Sai dai in ta zagaya, hanyar ta ƙofar gidan Mai unguwa Idirisu take bi, shi kuma mutum ne mai tambaya, zai ce me ya sa kwana biyu bai gan ta ba, ita kuwa ba ta iya ƙarya ba. Garuba ya dube ta, ya dubi tulun, ya ce ta wuce amma ta daina kawo mutane. Ta yi godiya, ta kawo wasu.

Barkisu, da ta ga ƙafa ta yawaita, sai ta fito da tukunyar koko da kaskon ƙosai ta kafa a tsakar gida. Da can sai ta aika talla, yanzu ciniki ke zuwa da kansa. Ƙamshi ya jawo almajirai da leburorin kasuwar Kejetia, su kuma maza ba a hana su abin da aka bar wa mata, sai dai su yi sallama da ƙarfi su sunkuyar da kai su wuce. Har Sumana ɗan aike aka gani ya shigo ta ƙofar da ya shaida wa ubangidansa an toshe, ya sayi ƙosai, ya fita ta ɗaya. Ya gai da Garuba da ladabi, Garuba ya amsa da ladabi. Zongo kaf ta san gidan Garuba ƙofa biyu gare shi. Masu unguwa biyu ne kawai ba su sani ba, su ma don sanin ba shi da amfani gare su.

Sai amfanin ya zo. Baturen gari ya sake tara dattawa ya ce unguwannin sun yi yawa, suna ba shi ciwon kai. Za a duba, duk unguwar da gidajenta suka gaza, a haɗe ta ƙarƙashin maƙwabciyarta, mai unguwarta ya koma talaka. Unguwar Idirisu da ta Seini kuwa kusan kai ɗaya suke. Nan take gida ya yi daraja. Idirisu, wanda da ba ya amsa gaisuwar mai ɗaki ɗaya, ya shiga bin lungu yana tambayar lafiyar tsofaffi. A nan ya tuna da Garuba. Seini ma ya tuna.

Ba wanda ya buga ƙuge wannan karon. Da hantsi, Barkisu na tsakiyar suya, Habsatu ta shigo da sauri ta ce ga Mai unguwa Idirisu nan tafe da rawani da mutanensa. Garuba ya zabura ya ce a gaya wa yaron nan. Mutala ya ciro ƙyaure ya aza a ka. Ya kai daidai turmi ke nan sai zanan baya ya ɗaga, Seini ya sunkuyo ya shigo da sandarsa yana tambayar ko ƙosan bai ƙare ba. A daidai lokacin Idirisu ya yi sallama ta gaba, ya ga ba ƙyaure ba zana, ya shigo.

Suka tsaya su uku a tsakar gida, mai unguwa a gabas, mai unguwa a yamma, Mutala a tsakiya da ƙofa a kansa. Masu sayen koko suka ja gefe, amma ba wanda ya tafi. Garuba ya fito daga ɗaki da buzu a hammata da buta a hannu, ya rasa inda zai nufa da su.

Aka shimfiɗa tabarma, aka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya kamar ba komai. Sannan Idirisu ya gyara rawani ya ce ya zo duba gidansa ne, gidan da ke unguwarsa tun ranar da aka yi yanka. Seini ya ce abin mamaki, shi ma gidansa ya zo dubawa, don Sumana da bakinsa ya yi ta faɗa a mahauta cewa Garuba ya ce shi mutumin Seini ne, har da ishara. Idirisu ya ce ai shi kuma an gaya masa Garuba ya rantse wa Seini ƙofarsa na lungun masallaci. Kowannensu ya riƙe ƙaryar da aka yi wa ɗan'uwansa ya mai da ita hujja, suka yi ta ja, Garuba na zaune a tsakani yana jin maganganunsa suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta ɓata a hanya.

Idirisu ya juya wajen Mutala. "Kai samari, ina za ka kai ƙofar nan?"

"Inda Baba ya ce, ranka ya daɗe. Sai dai a taimaka a yanke da wuri, wuyana ya fara sanyi."

Aka dubi Garuba. Ya san in ya ce gaba, Idirisu na bin gidan juyin da ya wuce. In ya ce baya, Seini na bin sa. Ko ta ina ya nuna, yaron ya tafi. Ya buɗe baki ya ce shi a ganinsa, ƙofa ai aba ce ta Allah, ya rufe.

Seini ya gama cin ƙosansa, ya goge hannu a gefen riga. Ya ce shi bai ga abin faɗa ba. Dattawa sun ce ƙofar zaure ce gida. Ga zaure a gaba, ga zaure a baya, ruwan sama ya gina shi da kyau. Ƙofa biyu, gida biyu. Idirisu ya riƙe nasa, shi ya riƙe nasa, kowa ya kai wa Bature gidansa cikakke. Idirisu ya juya maganar, ya duba ta ko'ina bai ga inda ya yi asara ba. Ya ce ya yarda, amma da sharaɗi: tun da gida biyu ne, kowane gida zai fitar da namijinsa a tafiyar da ke tafe, kuma shi saurayin nan ya zaɓa.

"Ɗauki," in ji Seini. "Ni a bar ni da tsohon Bagobirin nan. Dama bawana ne, na daɗe ban sa shi aiki ba."

Tsakar gida ta kwashe da dariya. Garuba ya tashi tsaye ya ce wannan zalunci ne, shi mai furfura, mai ciwon baya, dillalin da Tonawa da Hausawa suka sani, a ce ya ɗauki kwando. Ya yi ta faɗa har muryarsa ta dushe. Amma can cikinsa wani abu ya fara kwancewa, don ya hango abin da bai taɓa hangowa ba. Da ya bi yaron da kansa, da an yi masa dariyar da ba ta ƙarewa. Yanzu kuwa hukunci ne, tura shi aka yi.

Da mutane suka watse ya raka Seini bakin zana, yana ta ƙunƙuni. Sai ya tambaya, kamar maganar ba ta dame shi ba, ko mutanen unguwannin biyu wuri ɗaya ake kai su, ko kuwa rarraba su ake yi.

"Sansani ɗaya, rana ɗaya," in ji Seini, bai juyo ba. "In kana tsoron kurmi, yaron zai riƙe maka hannu."

Idirisu ya so a ja katanga a tsakar gida don gida biyun su tabbata. Barkisu ta ce sai dai a gina ta a kan kaskonta. Aka daidaita a kan zana, zanan ya yi safiya ɗaya, awaki da masu zuwa rijiya suka gama da shi.

Aka kai su can gaba da Mampong, inda ake fasa jar ƙasa ana zubawa a hanya. Nan aka ga abin da Garuba ya iya da abin da bai iya ba. Hannun da ya saba juya goro a ganye bai san diga ba. Kwandon farko ya kai, na biyu ya zube a rabin hanya, na uku ya zauna a kansa yana haki. Helima, shugaban leburori, ya ce kowane mutum da adadin ƙasarsa, bai san dillali ba. Mutala ya kai nasa ya dawo ya ɗauki na uban, ya kai ya dawo. Yaron da aka yi ta jigilar odum don kada ya yi aikin mutum ɗaya, sai ga shi yana yin na mutum biyu.

Garuba kuwa ya sami aikin da ya dace da shi. Yana bin bayansa da gora, yana tsayar da duk wanda ya gani. A gaya wa yaron nan ya sha ruwa. A gaya wa yaron nan rana ta yi zafi ya sa hula. A gaya wa yaron nan kada ya ci naman da bai ga yankansa ba. Mutala na tsaye kusa da shi yana ji, amma sai an sami na uku ya maimaita. Ba a daɗe ba sansanin duka ya ɗauka. Mosawa da ba su jin Hausa sosai, in sun ga Mutala ya nufi daji sai su bi shi da kira, a gaya wa yaron nan ya kula da maciji. Har helima in zai tashe su aiki sai ya ce a gaya wa yaron nan hutu ya ƙare. Garuba ya san da shi ake, ya ɗaure fuska, bai fasa ba.

Mutala bai yi ko ciwon kai ba. Ƙiba ma ya yi, don uban na tura masa rabin dokununsa, tuwon masarar da ake raba musu, ta hannun wani yana cewa ya ƙoshi. Garuba ne, ana saura kaɗan a sallame su, ya tafi neman wani ganye da aka ce yana maganin tari, tarin da ba wanda ke yi, ya taka kututture ya tsage ƙafa. Ƙafar ta kumbura ta yi kamar tulu. Ranar komawa ya gwada sanda, ya yi ɗan nisa ya zauna a bakin hanya ya ce su tafi zai biyo su. Mutala ya ba wani ƙunshinsu, ya durƙusa a gabansa ya juya masa baya. Garuba ya ce a gaya wa yaron nan ya tashi, ba a goya uba. Ba wanda ya gaya masa. Da Garuba ya ga ayarin na nisa, ya hau.

A gangaren dutsen Mampong suka rage su biyu a baya, ba na ukun da za a aika. Garuba yana jin numfashin yaron da zufar da ke bin wuyansa. Ya yi ta juya abin a baki, sannan ya ce a hankali, "Mutala, ka gaji?"

Mutala ya gyara goyon, ya ci gaba da tafiya yana kallon ƙasa, kamar iska ce ta kaɗa ganye. Bai kuma taɓa gaya wa kowa ba. Garuba ya gode masa a ransa da wannan.

Suka iso Zongo da la'asar, yara na bin su. Barkisu ta dubi ɗan, ta dubi uban, ta ce ta ga wanda aikin hanya ya karɓa. Ba a haɗe unguwannin ba, Idirisu ya tsira da rawaninsa, Seini da sandarsa, kuma dukansu suka aiko da cewa gidan Garuba, na gaba da na baya, ya fita juyi sai an zagaye kowa. Seini ya zo dubiya da kansa, ya kawo ƙafar saniya a yi wa bawansa farfesu, ya ce bai taɓa ganin jariri mai gemu ba sai a Gobir.

Garuba ya yi jinya a zauren baya, ƙafa a kan buzu, mutane na wucewa ta gabansa da tulu da ƙosai suna yi masa sannu. Da ya fara samun sauƙi sai tunani ya dawo. Juyi ai zagayowa yake yi. Hanyar kuma an ce ba ta ko kai rabi ba, gaba ma sai an haye babban kogi. Ya aika aka kira Iddi magini, ya ba shi wuri a dakali, ya ba shi goro fari, ya tambayi iyali. Sannan ya rage murya.

"Iddi, a ce mutum ya toshe ƙofofinsa duka biyu, ya riƙa shiga da tsani. Wannan gidan a wace unguwa yake?"

Iddi ya mayar da goron aljihu, ya miƙe, ya ce yana da aiki a Bantama kuma zai daɗe.